Shin Panadol ɗin da na sha da ciki ne ya ja wa ɗana otizim?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki har sau biyu kafin na zauna amsa maki, don ba tambaya ɗaya ba ce a ciki. Kin ce ɗanki na fari yana shekara uku da rabi, har yanzu maganarshi ba ta wuce 'yan kalmomi ba, in an kira sunanshi ba ya waigowa, kun kai shi asibiti likitan yara ya ce otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga. Kin ce lokacin cikinshi kin sha Panadol da yawa saboda ciwon kai da zazzaɓi. Yanzu ga wani cikin wata biyar, sai aka turo bidiyo a WhatsApp ɗin dangi wai shugaban Amurka da bakinshi ya ce maganin nan ne ke kawo larurar, har Hajiyar maigidanki ta fara cewa ai dama shan ƙwaya ba ƙa'ida ne ya jawo. Sannan can ƙasan saƙon kika rubuta cewa yau kwana uku kina kwance da zazzaɓi kin ƙi shan komai saboda tsoro.

Toh ni wannan na ƙarshen da kika sa a ƙasa shi ne ya fi tayar mani da hankali, da shi zan fara. Mai ciki wata biyar, a Zariya, da zazzaɓin kwana uku, wannan ba abun kwanciya a ɗaki ba ne. Ki sha parasitamol guda biyu yanzu, ki sa maigida ko wani ya kai ki asibiti yau ɗinnan, Shika ne, Gambo Sawaba ne, Wusasa ne, ko ƙaramin asibitin unguwa da kike zuwa awo, duk wanda ya fi kusa. A yi maki gwajin maleriya, a duba fitsari, a auna jini. Sauran bayanin da zan yi kina iya karanta shi a kan benci kina jiran layi.

Amsar tambayarki kai tsaye: a'a. Babu hujjar da ta tabbatar cewa parasitamol na jawo otizim, kuma binciken da ya fi kowanne girma da kyawun tsari ya nuna ba shi ba ne. Shekara da shekaru ina duba masu ciki a garin nan kuma har gobe shi nake rubuta masu in suna zazzaɓi ko ciwo, 'yata ta cikina ma in tana da ciki shi zan ba ta. Amma na san faɗin "a'a" kawai ba zai cire maki abun da ya riga ya shiga rai ba, balle har ki samu abun faɗa wa Hajiya, don haka ki yi haƙuri da tsawon bayanin.

Bidiyon da kika gani ba na bogi ba ne. Ranar 22 ga Satumba 2025 Donald Trump ya tsaya a Fadar White House tare da sakataren lafiyarshi Robert Kennedy ya ce mata masu ciki su guji Tylenol. Tylenol ɗin shi ne dai parasitamol ɗinmu, can suna kiran sinadarin asitaminofen, mu nan Panadol ko Emzor muka fi sani, abu ɗaya ne. Abun da masu yanko bidiyon ba su haɗa da shi ba, a ranar hukumar magunguna ta Amurkan, FDA, ta rubuta wa likitoci takarda, kuma a cikin takardar ita kanta ta amsa cewa ba a tabbatar maganin ne ke haddasa larurar ba, ta kuma ce a cikin magungunan zazzaɓi da ciwo da ake saya ba takardar likita, shi ne mafi aminci ga mai ciki. Cikin kwana biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu gamsasshiyar hujja, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai da ta Birtaniya suka ce ba su canza komai ba a shawarar da suke ba masu ciki, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ma ta ƙi amincewa da maganar.

To daga ina zancen ya taso, tunda ba haka kawai ya faɗo daga sama ba? Gaskiya akwai bincike da yawa, tun shekaru sama da goma baya, da suka ga cewa in ka tara matan da suka sha parasitamol da ciki ka tara waɗanda ba su sha ba, yaran rukunin farko sun ɗan fi samun otizim. A 2021 masana 91 suka sa hannu a wata takarda suna kira da a yi taka-tsantsan. A watan Agusta 2025 wasu masu bincike daga Mount Sinai da Harvard suka tattara bincike 46 suka ce sun ga alaƙa, wannan ne ma gwamnatin Amurka ta fi dogara da shi. Ba na raina waɗannan mutane, tambayar da suka ɗago tambaya ce da ta cancanci a yi. Sai dai ganin abu biyu suna tafiya tare daban, cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan kuma daban, kuma duk rikicin a nan yake.

Ki ɗauki misali da damina. Watan Agusta zuwa Satumba ki bi ta Kwangila ko PZ ko bakin kasuwar Samaru da yamma, ko'ina masu gasa masara ne, kuma daidai lokacin ne asibitoci ke cika da masu zazzaɓi har gado ya yi wuya. In wani ya ɗauki biro da takarda ya bi gida-gida yana tambaya wa ya ci gasasshiyar masara wannan watan, wa ya yi zazzaɓi, wallahi zai ga alaƙa mai ƙarfi, watan da aka fi cin masara shi ne watan da aka fi kwanciya. Amma ni da ke mun san ba masara ba ce, ruwan sama ne ya kawo masarar kuma shi ya tara kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Wanda ya hana yaranshi masara ya bar su suna kwana ba gidan sauro ya bar jaki yana dukan taiki. Haka maganar parasitamol take. Ba wadda ke shan shi don marmari, sai wani abu ya same ta: zazzaɓi, ciwon sanyi, ciwon kai mai tsanani irin na ɓari ɗaya, ciwon gaɓoɓi da ya daɗe. Shi kanshi zazzaɓi mai zafi lokacin ciki akwai binciken da ya alaƙanta shi da ƙaruwar haɗarin otizim, an gani a Norway a 2017. Kin ga kenan in an ga alaƙa sai a tambaya, maganin ne, ko ciwon da ya sa aka sha maganin, ko kuma wani abu na gado da uwar ke ɗauke da shi wanda yake sa ta yawan ciwo kuma yake wucewa ga ɗanta?

Akwai ma wata matsalar. Da yawa cikin binciken nan tambayar uwa ake yi bayan shekaru, kin sha Panadol da cikin wane? Uwar da ɗanta ke da larura ta riga ta kwana dare da yawa tana bin duk abun da ta ci ta sha cikin wata taran nan, kamar dai yadda kike yi yanzu, ba ƙwayar da za ta manta. Wadda ɗanta ke lafiya lau kuwa ta sha ta manta, sai ta ce ba ta sha ba. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi.

Shi ya sa wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin ya fi mani kowanne, kuma ina so ki fahimce shi sosai don shi ne abun da za ki riƙe. An buga shi a mujallar JAMA a watan Afrilu 2024, masu bincike daga Cibiyar Karolinska da Jami'ar Drexel suka yi. Can ƙasar komai a rubuce yake, duk mai ciki da ta zo awo ungozoma na rubuta maganin da take sha tun cikin yana nan, ba wai sai an zo ana tuno baya ba. Suka ɗauki yaran da aka haifa daga 1995 zuwa 2019, kusan yara miliyan biyu da rabi, a cikinsu wajen 186,000 iyayensu mata sun sha parasitamol da cikinsu. Da aka yi lissafin farko, an ga ɗan bambanci: zuwa shekara goma, cikin kowane yara 1,000 da ba a sha maganin da cikinsu ba wajen 13 ne ke da otizim, cikin 1,000 da aka sha kuma wajen 15. Ki tsaya nan ma tukuna ki duba, ko a wannan ɗanyen lissafin yara 985 cikin 1,000 da aka sha maganin da cikinsu ba su da larurar. Sai masu binciken suka ƙara yin wani abu mai hikima, suka ce bari mu daina gwada gidan wane da gidan wane tunda gidaje sun bambanta ta ko'ina, mu gwada yaran da suke uwa ɗaya uba ɗaya, inda uwar ta sha maganin a cikin wannan ba ta sha a cikin wancan ba. Jini ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, bambancin kawai maganin. In da maganin ne, dole wanda aka sha da cikinshi ya fi ɗan uwanshi haɗari. Da aka duba sai bambancin ya ɓace gaba ɗaya, ba a otizim ba, ba a larurar nan ta yaran da ba sa iya natsuwa wuri ɗaya ba, ba a raunin fahimta ba, har ga waɗanda suka sha da yawa. A 2025 aka maimaita irin wannan gwadin na 'yan uwa a Japan da yara sama da 200,000, inda matan can ma sun fi na Suwidin shan maganin nesa ba kusa ba, nan ma alaƙar ba ta tsaya ba.

Wani abun da nake yawan ba ɗalibai labari, a Norway sun taɓa duba wancan larurar ta rashin natsuwa, sai suka ga hatta uban da ya daɗe yana shan parasitamol kafin a samu cikin, ɗanshi ya fi haɗarin samunta. Ƙwayar da uba ya haɗiya watanni kafin ciki ai ba ta bi ta cibiya ta isa ga jariri ba. Abun da ke nuna maki shi ne wani abu ne a cikin dangin yake tafiya, maganin shaida ce kawai ta cewa mutanen gidan na yawan fama da ciwo.

Otizim mafi yawanshi gado ne. Wani babban bincike na 2019 da ya haɗa yara miliyan biyu daga ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin daga ƙwayoyin halitta yake. Kuma don Allah kar a juya wannan ya koma wani sabon faɗan, dangin uwa ne ko dangin uba ne. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce da za a ce daga wane ta fito, ɗaruruwa ne ƙanana suke haɗuwa daga ɓangarorin biyu, wani lokacin ma sabon canji ne ya faru a jikin yaron wanda babu shi a uwa babu a uba. Akwai wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin, kamar haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da jariri ya daɗe bai samu iska ba, ciwon suga lokacin ciki, da yawan shekarun uwa ko uba. Sannan ki sani tun 1943 likita Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan larura a Amurka, alhali Tylenol bai shiga kasuwa ba sai 1955, Panadol kuma 1956. Abun ya riga maganin. Mu ma nan ai muna da su tun da, kowace unguwa a cikin birni akwai yaron da aka sani ba ya magana ba ya shiga cikin yara, sai a ce shafar aljanu ce ko ɗan ruwa ne, sunan ne kawai ba mu da shi. Ƙaruwar da ake ta faɗa a Amurka, daga yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 31 a ƙididdigar da suka fitar a 2025, babban dalilinta an faɗaɗa ma'anar larurar kuma ana tantance yara tun suna ƙanana, waɗanda da can ba a ƙirga su yanzu ana ƙirgawa.

Abun da ke ƙona mani rai a wannan zancen shi ne kullum a kan uwa yake sauka. Shekarun 1950 da 1960 a Turai da Amurka manyan masana cewa suka yi uwar ce ba ta nuna wa ɗan ƙauna shi ya sa ya zama haka, mata suka yi shekaru suna kuka da laifin da ba nasu ba kafin a gane ƙarya ne. A 1998 aka ce allurar rigakafin ƙyanda ce, aka yi ta tsorata iyaye, sai 2010 mujallar da ta buga binciken ta janye shi, aka kuma ƙwace wa likitan lasisi. Ban ce mutanenmu ba su da dalilin zargin magani ba, duk wanda ya san abun da ya faru da yaran Kano a gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996 ba zai ga laifin mai tambaya ba. Amma mun kuma ga abun da jita-jita ta yi mana a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna, yaran da suka shanye sanadin haka yanzu sun zama manya suna nan muna ganinsu.

Yanzu bari in zo kan abun da nake tsoro a aikace, don tun da bidiyon nan ya fara yawo nake ganin abu biyu a ɗakin awo. Na farko irin naki, a ƙi shan komai a kwanta da zazzaɓi. Trump a ƙasar da ba maleriya yake magana, mu kuwa Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriyar duniya baki ɗaya. Ƙwayar maleriya in ta samu mai ciki mabiyiya take zuwa ta maƙale, ta rage abincin da ke isa ga jariri, ta shanye wa uwa jini, daga nan sai ɓari, ko bakwaini, ko a haifi ɗa ɗan mitsitsi, ko ya koma tun a ciki. Zafin jikin shi kanshi in ya yi yawa yana iya tayar da naƙuda, a farkon ciki kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin haifar yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Waɗannan ba hasashe ba ne, abun da muke gani ne da idonmu duk damina. Amma ki lura, parasitamol sauke zafi kawai yake yi, ba ya kashe maleriya, ba ya maganin ciwon sanyi. Wadda ta sha ta ji sauƙi ta ce shikenan ta warke ita ma ta yi kuskure, shi ya sa na ce ki sha kuma ki tafi.

Na biyun ya fi muni, shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Mace ta ji Panadol ba kyau sai ta aika yaro kemis a ba ta wani, a kawo mata Brufen ko Cataflam ko Felvin, ko a ce a haɗo na ciwon jiki a ƙullo mata ƙwayoyi biyar kala-kala a leda ba kwali ba suna. Waɗannan, wato dangin ibufurofen da dikulofenak, su ne haɗarinsu ga ciki ya tabbata ba gardama. Daga sati 20, wato daidai inda kike yanzu, suna iya taɓa ƙodar jariri, kuma ruwan da jariri ke iyo a ciki yawancinshi fitsarinshi ne, in ƙoda ta rage aiki ruwan sai ya ƙafe. FDA ta fitar da gargaɗi kan haka tun Oktoba 2020. Daga sati 30 kuma akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciyar jariri da ke karkatar da jini ya tsallake huhu tunda a ciki ba da huhu yake shaƙar iska ba, ita sai bayan haihuwa ya kamata ta rufe, waɗannan magunguna na iya rufe ta tun yana ciki. Ga tayar da olsa, ga ƙara zubar jini wajen haihuwa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta yi sati uku tana shan irin haɗin nan saboda ciwon baya, da muka ɗora ta a sikanin ruwan ya ragu sosai, Allah ya taimaka aka gano da wuri ta daina ya dawo. Alabukun da ake kaɗawa a ruwa shi ma asfirin ne mai yawa da sinadarin kafeyin irin na goro da kofi, ki bar shi. Taramol da kodin kuwa kar ma a fara, jariri na iya fitowa ya riga ya saba da su yana ta kuka da karkarwa. Abu ɗaya da zan ware shi ne ƙaramin asfirin, mai 75 zuwa 150, da likita ke ɗora wasu mata a kai don kare su daga hawan jinin ciki, wannan in an rubuta maki ki ci gaba da sha, lissafinshi daban ne.

In ana neman maganin da da gaske aka tabbatar yana ƙara haɗarin otizim in an sha da ciki, akwai, shi ne balfuret, wanda aka fi sani da Epilim, na masu farfaɗiya da wasu larurorin ƙwaƙwalwa. Wannan hujjarshi ta fito fili, kuma ki ga bambanci, da hujja ta tabbata ba likitan da ya tsaya musu, kowa gargaɗi yake. Duk mai shan shi da ke son ɗaukar ciki ta ga likitanta tun kafin cikin a duba canji, amma kar ta yanke shi da kanta rana ɗaya, faɗuwar farfaɗiya da ciki na iya kashe uwa da ɗa.

Yadda za ki sha parasitamol ɗin: mai 500, guda biyu, in buƙata ta kama ki ƙara bayan awa shida, kar ya wuce guda takwas cikin awa 24 ko da me. Ki sha don dalili, zazzaɓi ko ciwon da ya hana ki sukuni, in ya lafa ki ajiye, wannan ƙa'ida ce ta kowane magani da ciki tun kafin Trump ya yi magana. Ki nemi tsurarshi, ba mai "Extra" ba don shi akwai kafeyin a ciki, kuma ki kula da magungunan mura, yawancinsu da parasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta ce ke shan wahala. In kin ga kullum sai kin sha har kwana biyu uku, to akwai abun da jiki ke faɗa maki, a je a nemo shi.

Ciwon kai musamman, tunda kin ce kina yawan yi. Bayan wata biyar ba na son mai ciki ta riƙa danne ciwon kai da magani ba a auna jininta ba. In ciwon ya ƙi tafiya, ko kina ganin dishi-dishi ko wani abu kamar walƙiya, ko fuska da hannu sun kumbura zobe ya matse, ko ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan alamun hawan jinin ciki ne wanda ke kai wa ga jijjiga, ko tsakar dare ne a tafi. Awon da ya kai 140 bisa 90 ba a wasa da shi. Wani ciwon kan kuma ƙarancin jini ne, ko rashin shan ruwa, ko rashin barci, wanda uwar yaro irin naki ba ta rasa shi. Ki tambayi nas ko an fara ba ki Fansidar, maganin kariya daga maleriya, ana farawa ne daga wata na huɗu, ƙwaya uku a sha gaban ma'aikaciya, a maimaita duk wata, a samu aƙalla sau uku kafin haihuwa, sai dai in jikinki ba ya karɓar dangin salfa ko kina kan Septrin. Ki riƙe maganin ƙarin jini da folik asid, ki kwana cikin gidan sauro. Wadda ta kiyaye waɗannan ai buƙatar Panadol ɗin ma raguwa take yi.

Sai maganar cikin da ke jikinki, don na san ita ce ke hana ki barci. Ba zan ɓoye maki ba, gidan da aka samu yaro ɗaya mai otizim, ƙaninshi ya fi sauran yara yiwuwar samu, bincike ya nuna wajen 1 cikin 5, kuma maza sun fi mata samu kusan ninki huɗu. Hakan na nufin 4 cikin 5 ba sa samu. Na faɗa maki ne don dalili biyu, ɗaya ki sa ido da wuri: yana kallon idonki yana murmushi, yana waigowa in an kira shi kafin ya cika shekara, yana nuna abu da yatsa zuwa shekara ɗaya da rabi, in kin ga shiru ki kai shi kar ki jira a ce ai babanshi ma bai yi magana da wuri ba. Na biyu, in Allah ya ƙaddara haka, kar wani ya zo ya ce maki Panadol ɗin da kika sha yau ne, haɗarin na nan ko kin sha ko ba ki sha ba. Kuma a yi mashi duk rigakafinshi cif.

Shi kuma babban, in ba a gwada jinshi ba a gwada, don wani yaron kunne ne matsalar ko kuma ta haɗu da kunne. Ki koma wajen likitocin yara a Shika ki tambayi masu koyar da magana, in an tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna kar sunan ya tsorata ku, ba wai an ce mahaukaci ba ne. Shekara uku da rabi lokaci ne mai kyau na farawa. A gida ki riƙa yi mashi magana gajeru kina fuskantarshi, ki bi abun da yake so ki shiga wasan da shi, a tsara mashi rana iri ɗaya don sauyin bazata na birkita su. Addu'a ki yi ta yi ba dare ba rana, amma kar ki yarda a ɗaure shi, ko a dake shi, ko a turara mashi hayaƙin da zai shaƙe shi da sunan cire iska, kuma duk mai ce maki yana da maganin da zai warkar da shi cikin sati biyu kuɗinki yake so.

Hajiya kuma kar ki ja da ita, ita ma jikanta ne, zafin abun ne ke sa ta neman inda za ta ɗora. Maigidanki ne ya kamata ya yi mata bayani ba ke ba, ki ba shi wannan ya karanta, in da hali ya raka ki awo na gaba ya ji daga bakin likita ya kai mata, ta fi saurin karɓa daga ɗanta.

Ki tashi haka nan ki shirya. Ki ɗauki katin awonki, ki zuba duk wani magani da ke ɗakin a leda har da jiƙo ko garin da aka ba ki a nuna wa likita, ki faɗa masu ranar da zazzaɓin ya fara da ko jaririn na motsi yadda ya saba. In gwaji ya nuna maleriya ki shanye maganin duka har ƙarshe ko kin ji sauƙi a rana ta biyu. Allah ya ba ki lafiya ya sauke ki lafiya, ki shafa mani kan yaron.